Na Sayi Mota Ban Kai wa Bazazzagi Ya Duba Ba

Shekarun baya kaɗan, lokacin da motar lantarki ta fara yawa a titunan Dubai, na yi wani ganganci da har yau in na tuna shi sai in ji bakina ya yi ɗaci. Ni ba mai rubutu ba ne, a aji shida na firamare na ajiye biro, don haka ku yi haƙuri da yadda zancen zai zo muku.

Aikina ɗaya ne tun da na zo garin nan. In ɗauko 'yan kasuwarmu daga filin jirgi, in zaga da su kasuwa, in bi kayansu har a cusa su a kwantena a tashar jirgin ruwa ta Jebel Ali. Mota ita ce ofishina, ita ce shagona, sau da yawa ita ce wurin cin abincina. Ɗaki ɗaya nake haya a Abu Hail. Iyali suna Kano, sau ɗaya nake leƙa su a shekara, wata shekarar ma ba na samu. Baƙin da nake ɗauka mutanen kirki ne, amma baƙo raɓa ne. Kwana biyar kuna tare kamar 'yan uwa, rana ta shida ya hau jirgi, ba za ka sake jin muryarsa ba sai kayansa sun makara.

Mutum ɗaya nake da shi a garin nan wanda ba jirgi yake jira ba. Abokina ne, bakanike, yana riƙe da wani gareji a Ras Al Khor. Bazazzagi ne, ni kuma Bakano, kun san wasan da ke tsakaninmu da su tun kaka da kakanni. Tun ranar da muka san juna bai taɓa gaishe ni da mutunci ba. In na shigo garejin sai ya ɗago kai daga cikin inji ya ce wa mutane, "Ku ɓoye sifana, ga Bakano nan." Ni kuma in ce, "Bawana, wanke hannu ka zo ka gai da ubangidanka." Wanda bai san mu ba sai ya ɗauka dambe za mu yi. Haka muka yi shekara da shekaru.

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, a garejinsa ake taruwa. Ba mu da yawa, direbobi ne da masu lodin kaya, wani lokaci da ɗan kasuwar da ya gaji da abincin otal. A shimfiɗa kwali a bayan gareji inda fanka take, a sayo shinkafa da nama a faranti ɗaya, a sa hannu, a yi musun ƙwallo da siyasar gida har mai shayin da ke maƙwabtaka, wani ɗan Pakistan, ya kawo karak, shayin nan nasu mai madara. Ni kullum da dalilina na zuwa, don tsohuwar motata ba ta rabuwa da ciwo. Yau baƙin mai, gobe filogi, jibi lagireto ya fara yoyo. Sai daga baya na lura ban taɓa shiga wurin nan na ce zuwa na yi kawai in gan ku ba. Kullum sai na sa mota a gaba. Haka aka rene ni, namiji ba ya zuwa wurin sana'ar wani ya zauna ba tare da abin da ya kawo shi ba.

Akwai kuma wani abu da duk ɗan Arewa mai mota ya sani. Ba a sayen mota sai an je da bakanike ya duba. Motoci uku na saya a Dubai kafin wannan, duk shi ya duba min. Yadda yake yi, ko mai motar ba ya tsayawa gaisarwa sosai. Zai ce a tayar, ya tsaya ya karkata kai yana sauraro kamar mai jin wa'azi daga nesa. Ya zaro sandar mai, ya murza a yatsa, ya sunsuna. Ya kwanta a ƙasa ya leƙa ƙarƙashinta. In ya tashi, magana ɗaya ce, ko ya ce "Biya," ko ya ce "Mu tafi." Ban taɓa yi masa musu ba, shi kuma bai taɓa karɓar ko sisi a kai ba. Ba aiki ba ne, girma ne. Wanda ka kai ya duba maka mota, ka nuna wa duniya ka yarda da kunnensa fiye da idonka.

To, wata shekara tsohuwar tawa ta gajiyar da ni. Sau biyu tana mutuwa da baƙi a ciki a tsakiyar zafi, esi ya ɗauke, wani Alhaji ya sauka ya tari tasi ko sallama bai yi min ba. A daidai lokacin kuma matasan 'yan kasuwa suka fara zancen motar lantarki, wai ita ce yayi, ba mai, ba gyara. Wata rana na wuce ta gaban shagon da ake sayar da su, na ce bari in shiga in sha sanyi kawai. Suka ba ni in gwada. Jama'a, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Ba ƙara, ba girgiza, na ɗan taɓa totur sai na ji an manna ni da kujera kamar an tura ni daga ƙirji. Shekarata hamsin ba kaɗan a lokacin, amma sai da na yi dariya ni kaɗai kamar yaro.

Na tuna da abokina a cikin shagon, ba zan yi ƙarya ba. Har na ciro waya. Sai na ce a raina, to me zai duba? Ba inji, ba mai, ba abin da zai sunsuna. Wannan shi ne dalilin da na ba kaina. Dalilin gaskiya kuwa, tsoro nake ya ce "Mu tafi," ni kuma raina ya riga ya zauna a kan kujerar nan. Na mayar da waya aljihu na sa hannu a takardu.

Juma'ar farko na shiga garejin da ita, ba wanda ya ji shigowata sai da na yi oda. Kowa ya taso. Aka kewaye ta, ana shafawa, ana leƙe. Abokina ya goge hannu da tsumma, ya ce in buɗe bonet. Na buɗe. Wani ɗan akwati ne kawai a wurin, fanko, ko buhun shinkafa ba zai ɗauka ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo.

"Bakano, an sayar maka da akwati mai taya. Ina injin?"

"Yana inda hannunka mai maiƙo ba zai kai ba."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Sai ya ce, "Yaushe ka saya?"

Na ce, "Ranar Talata."

"Na ji. Wani direba ya gan ka kana fitowa da ita." Ya rufe bonet ɗin a hankali. "Allah ya sa alheri, ya tsare hanya."

Bai ce a ba shi makulli ya zaga da ita ba. Na lura, amma ina cikin murna, na bar shi a haka.

Daga nan sai motar ta yi abin da aka ce za ta yi, ta ƙi lalacewa. Juma'a ta zo, ba ni da abin da zan kai gareji. Na je sau biyu ko uku haka nan, sai in riƙa jin kaina kamar wanda ya zo cin abinci kawai. Ga shi ginin da nake zaune ba wurin caji, sai na je ƙarƙashin wani babban kanti na jona ta in zauna jira. Yammacin Juma'a ne kawai nake da sarari, sai cajin ya zama hujjata. Mutane suna can suna sa hannu a faranti ɗaya, ni ina ƙarƙashin ƙasa cikin mota, shawarma a cinya, ina kallon lamba tana hawa a allo. A lokacin ban kira shi kaɗaici ba. Ci gaba nake ce masa.

Ban cika shekara da ita ba kamfanin ya fito da sabuwa. In ka gan su a titi ba za ka bambance ba, jiki ɗaya, fitila ɗaya. Amma sabuwar ta fi ƙarfin tashi, batirinta ya fi nisa, ta fi saurin caji, kuma ba su ƙara mata farashi ba. Ni da na yi sammako, ni na ɗauki tsohon yayi. Ban ma san da zancen ba sai a guruf ɗinmu na waya, na mutanen gareji. A nan ake sanar da komai, wane zai tafi gida mai saƙo ya kawo, wane an yi masa haihuwa, wane ya yi rashi. Wani ya sa hoton tallar sabuwar motar, ya kira sunana. Aka fara. Wannan ya ce Allah ya ƙara, wancan ya sa hoton dariya. Sai ga saƙon murya daga abokina: "Ku bar shi, sauri ne ya haifi nawa. Bakano in ya ga abu yana ƙyalli ba ya jiran asuba. Ya kawo akwatin nasa mu sa masa injin janareto."

Wasa ne, irin wanda ya yi min sau dubu, ni ma na yi masa wanda ya fi shi. Amma ranar ya same ni a kan gyambo. Na saurara sau biyu, na ji dariyarsa a ƙarshen saƙon, na ji kamar duk garin nan ni ake wa dariya. Na danna fita daga guruf ɗin. Da yatsa ɗaya na yi, ina zaune a mota, ko minti ɗaya bai ɗauke ni ba.

Daga ranar na zama mutumin shagon motocin. A mako ɗaya sau uku na je. Turancina na kasuwa ne, Larabcina na titi, haka na riƙa haɗa su ina cewa su mayar min da tawa irin sabuwar, ko nawa ne. Wani ma'aikaci mai ƙamshin turare ya zaunar da ni, ya ba ni gahawa, ya ce, "Habibi, ba zai yiwu ba. Abin da ke cikin taka daban ne, ba a canzawa." Na koma washegari ko zan sami wani daban, shi ma haka ya ce. A zuwa na uku suka ce akwai ɗan ƙarin ƙarfi da ake sayar wa masu irin tawa, ba zai kai na sabuwar ba, amma za ta fi yadda take tashi. Ta waya ake saya, ba sai an kawo mota ba. Suka kuma sa ni a wani guruf na waɗanda suka saya da wuri irina, Turawa da Indiyawa da Larabawa, kowa yana zuba fushi da dogon Turanci. Na riƙa kallon rubutun yana wucewa, ina gane kalma ɗaya in rasa goma. Ko a cikin masu baƙin ciki iri ɗaya da nawa, ban sami wanda zan ce wa uffan ba.

Na sayi ƙarin ƙarfin. A Jebel Ali nake ranar, da tsakar rana, ina jiran a kira lambar kwantena. Na danna a waya, allon motar ya ce in jira, wani layi ya fara cika a hankali. Motar ta ɗan yi ƙas-ƙas, ta ɗauke, ta dawo. Khalas, shi ke nan. An ƙara mata ƙarfi, ba hannun da ya taɓa ta. Na zauna ina tunanin yadda ake yi da can. In abokina ya canza wa tsohuwar motata ko da salansa ce, yini guda ake yi ana musu, in an gama mutum huɗu su cika ta a fita gwaji, kowa yana cewa shi ya fi jin bambancin. Na fita wani miƙaƙƙen titi a bayan rumbunan kaya, na taka. Ta tashi kuwa. Na waiga gefena zan ce "Ka ji?" Kujera ce kawai da robar ruwa a kai.

Ƙarfin ma bai yi min rana ba. Garin nan ko'ina kyamara ce, kafin mako ya ƙare tara ta biyo ni a waya. Sai kuma na ɗauko wani dattijo ɗan kasuwar Kwari ta Kano daga filin jirgi, na ɗan nuna masa abin da take iyawa a wata danja. Ya riƙe hularsa da hannu biyu ya ce, "Malam, ni atamfa na zo saya, ba lahira ba. In haka za ka yi, sauke ni." Tun ranar na mayar da ita kan tafiyar hankali, har yau a nan take.

Ban faɗa wa kowa ba. Maiɗakina tun farko ta ce, "Mota mai caji kamar waya? Allah ya kyauta." In ta tambaya a waya sai in ce lafiya lau, mota sai hamdala. Baƙi kuwa ba a kai musu kuka, kai ne za ka ji nasu. Mutum ɗaya ne a duniya da zan zauna in ce masa an cuce ni a mota ya gane har cikin ƙashinsa, shi ne kuma na fita na bari. Ina jira ya kira, na ɗauka shi ma yana jira in kira. Wata ya wuce, wani ya bi shi. In ba baƙi, sai in yini in kwana ban yi Hausa da kowa ba. Tsohuwar motata ko ba komai tana surutu, ƙofa tana kaɗawa, inji yana gunaguni, kana jin kamar da wani kuke tafe. Wannan kuwa shiru take kamar ɗakin jiran likita. Har numfashina nake ji.

Wajen wata huɗu na yi a haka, sannan na kasa. Amma kun san halin, ba zan je hannu biyu ba, sai da dalili. Motar kuma ba abin da ke damunta. Sai na ƙirƙiro mata ciwo. Na zaɓi ranar Talata da hantsi, lokacin da na san ba jama'a, na nufi Ras Al Khor.

Na same shi a zaune a kan wata tsohuwar taya yana wanke wani ƙarfe a cikin fetur. Ya rame, gemunsa ya ƙara fari. Da ya gan ni sai ya miƙe, ya goge hannu, ya ba ni.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ya aiki?"

Bai taɓa ce min Alhaji ba. Na yi kamar ban ji ba, na ce, "Bawana, haka ake tarar ubangida, ba ko rusunawa?"

Ya ɗan yi murmushi. "Lafiya dai?"

Na ce wata ƙara nake ji a gaba, ta hannun dama, in na hau gargada ko na karya kwana. Ya kalli motar, ya kalle ni, ya ce, "Mu je mu ji."

Karon farko ke nan da ya shiga cikinta. Ya ce in rufe gilashi in rage esi. Muka fita. Ya ce in bi ta layin masu kayan gyara inda titi ya fashe, na bi. Ya ce in hau tudun rage gudu a hankali, na hau. In karya dama gaba ɗaya, in karya hagu, in taka birki da ƙarfi. Duk abin da ya ce na yi. Idonsa a rufe, kansa a karkace. Mun fi minti ashirin muna zagaye, ba wanda ya yi magana sai "nan" da "can". Daga ƙarshe ya ce in tsaya a inuwar wani rumbu. Na tsaya.

"Babu wata ƙara a motar nan," in ji shi.

Na ce, "Babu."

"To me ya kawo ka?"

Sai bakina ya ɓalle. Na ba shi labarin komai, sabuwar motar, zaryar da na yi a shagon, mai turaren da gahawarsa, guruf ɗin Turawa, ƙarin ƙarfin da na saya a waya, tarar, dattijon da hularsa. Na ce an cuce ni, an mayar da mu da muka fara saya abin gwaji. Na daɗe ina zuba. Ina yi ina satar kallonsa, ina jiran ya fashe da dariya ya ce Allah ya ƙara, don a lokacin ba abin da nake so kamar wannan. Bai yi dariya ba. Ya bari na gama tsaf.

Ya ce, "Wane lokaci ne ka yi zaryar shagon nasu?"

Na ce, "Makon da na fita daga guruf."

Ya gyaɗa kai yana kallon gaba. "A makon Inna ta rasu."

Mahaifiyarsa ke nan. Ban taɓa ganinta ido da ido ba, amma na san muryarta kamar ta mahaifiyata. In yana waya da ita ina kusa, sai ta ce a ba ta Bakanon nan ta ji ko ya fara hankali. In wani zai zo daga Zariya, ƙullin yaji biyu take bayarwa, ɗaya nasa ɗaya nawa.

Ya ci gaba, muryarsa ba ta tashi ba. Ya ce da safe aka kira shi, kafin azahar an kai ta, ba jirgin da zai kai shi. A garejin ya zauna kwana uku yana karɓar gaisuwa. An sa a guruf tun sa'ar farko. Kowa ya zo, har waɗanda suke Sharjah. Mai shayi ya rufe shagonsa ya zo ya zauna a kan tabarma. Balaraben da ke da filin garejin ma ya zo.

"Ni kuma na zauna ina fuskantar ƙofa," in ji shi. "Taka ba ta da ƙara, na san ba zan ji shigowarka ba, sai dai in gani."

Na ce, "Wallahi ban ji ba. Me ya sa ba ka kira ni ba?"

A nan ne ya juyo ya kalle ni. "Ka taɓa ganin mai makoki ya kira mutum ya ce zo ka yi min gaisuwa?"

Ya ce wasu sun ɗauka na ji na ƙi zuwa, wai na zama babban mutum. A rana ta biyu wani ya ce bari ya kira ni, shi ya hana. Ya ce min wanda yake tambayar lafiyarka ba ya wata huɗu bai ji mutuwar uwarka ba, ko da guruf ko babu.

Na ɗaga hannu a nan cikin motar na yi masa ta'aziyya. Allah ya jiƙanta, ya yi mata rahama, ya sa ta huta, ya ba ku haƙuri. Kalmomin da na faɗa wa mutane sau ɗari ne, amma ranar a cikin shirun motar nan na ji yadda suka yi latti. Ya shafa, ya ce, "Amin. Allah ya ba da lada." Sai ya ce, "Mai da ni, na bar aiki."

Da muka isa ya sauka, ya zaga bayan motar, ya durƙusa ya shafa taya da tafin hannu. Ya ce, "Tayoyinka na baya sun cinye. Ƙarfin da ka ƙara mata ne yake cin su. Ka canza kafin su kashe ka da baƙin mutane." Ya faɗa min shagon da zan samu masu kyau. Bai ce in kawo ya sa min ba.

Na koma Juma'ar da ta biyo, ba da wani dalili ba, karo na farko a rayuwata. Na ba shi haƙuri a gaban mutane, ya ce ya wuce, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Da hannunsa ya mayar da ni guruf. Da na je gida a shekarar, na hau mota daga Kano na je Zariya na gai da 'yan uwansa, suka kai ni ɗakinta na gani. Ya kira ni ya yi godiya sosai, godiya irin wadda ake wa baƙo.

Motar tana nan, ita nake hawa har yau. Bayan waccan sabuwar an fito da wata, bayan ita ma an sake fito da wata, masu dariyar da suka sayi ta biyu su ma sun sha nasu. Abin nan haka yake, kamar waya, duk ranar da ka saya akwai wadda ta fi ta tana hanya. Wannan ciwon na kwana kaɗan ne, yanzu ko a jikina. In sabuwa ta wuce ni a titi ko kallonta ba na yi. Da na san haka zai wuce, da na bari sun yi dariyarsu sun gama, na rama da tawa, an ci shinkafa.

Abin da bai wuce ba shi ne wancan. Ya yafe min, na yarda, ba mutum ne mai magana biyu ba. In na shigo yana miƙewa ya ba ni hannu, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya sa a kawo min kujera alhali kowa a kan kwali yake. In aka sa faranti yakan tura min tsoka ta gabana. Duk wanda ya gani zai ce ba wanda ake girmamawa a garejin nan kamar ni. Shekara uku ke nan ba na fashin Juma'a, ina zaune a kan kujerar nan, ina jiran ranar da zai zage ni ko sau ɗaya ne.